Ledar Kariya: Garkuwar Fentin Mota Mai Aiki da Lantarki

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya ya dubi sabuwar mota tana sheƙi a rana, da wuya ya yarda cewa abin da ya raba ƙarfenta da iska da ruwa bai fi kaurin fallen takarda guda ba. Amma haka abin yake. Idan aka haɗa dukkan fentin da masana'anta ke fesa wa mota, kaurinsa yakan kama daga maikiromita 100 zuwa 150 ne kawai, alhali sai an tara maikiromita 1,000 kafin a sami milimita ɗaya. Wannan siririn mayafi shi ake sa ran zai jure zafin rana da ruwan sama da ƙura da tsakuwar hanya har shekaru goma ko fiye.

Batun ya ƙara ɗaukar hankali tun da motoci masu aiki da lantarki suka fara yawaita. A shekarar 2024 an sayar da irin waɗannan motoci fiye da miliyan 17 a duniya, wato sama da kashi 20 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a shekarar, kuma fiye da rabinsu a ƙasar Sin aka saye su. A Nijeriya ma an ƙaddamar da Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas a 2020, sa'annan a 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Da yawa daga cikin masu sayen waɗannan motoci a ƙasashen da suka yawaita, tun kafin motar ta yi tafiya mai nisa sukan kai ta a liƙa mata wata leda garai-garai a bisa fenti. Dabarar da ke cikin wannan leda ba sabuwa ba ce. Halittu sun daɗe suna kare kansu da irinta.

Yadda Fentin Mota Yake

Fentin mota hawa huɗu ne, kowane da aikinsa. Da farko akan tsoma gangar jikin motar gaba ɗaya cikin wani babban kwatami na ruwan fenti, a sakar masa lantarki, sai fentin ya manne wa ƙarfe ta kowane lungu. Wannan hawa shi ne babban maganin tsatsa. A kansa ake fesa hawa na biyu, mai cike ƙananan ramuka ya daidaita fuskar ƙarfen. Na uku shi ne mai launi, wanda ido ke gani. Na huɗu kuwa ba shi da launi ko kaɗan, shi ne mai ba da sheƙi, kuma shi ke tare hasken rana. Kaurinsa bai wuce maikiromita 40 zuwa 50 ba, wato bai kai kaurin silin gashin kai ba.

Bayan feshin, akan shigar da gangar jikin motar cikin tanderu mai zafin da ya kai kimanin digiri 140 a ma'aunin Salshiyas domin fentin ya ƙame. Ana yin haka ne tun kafin a ɗaura taya ko kujera ko waya ko batir. Wannan shi ne dalilin da ya sa fentin masana'anta ya fi na gareji ƙarko: da zarar an gama harhaɗa mota, ba a sake samun damar gasa ta da irin wannan zafi.

Abokan Gābar Fenti

Na farko a cikinsu ita ce tsakuwa. Ɗalibin kimiyya ya san cewa ƙarfin abu mai gudu ana samunsa ne ta ninka rabin nauyinsa da saurinsa sau saurinsa. Idan tsakuwa mai nauyin giram 2 ta yi karo da mota a saurin kilomita 50 cikin awa, ƙarfin dukan bai wuce jul 0.19 ba. Idan saurin ya kai kilomita 100, sai ya zama jul 0.77. Gudu ya ninka sau biyu, duka ya ninka sau huɗu. Lissafin ƙarami ne a ido, amma duk ƙarfin yana sauka ne a wuri ɗaya da bai fi tsinin allura ba, shi ya sa yake iya ɓantare hawa huɗun nan har ya tarar da ƙarfe. Daga nan ruwa da iskar oksijin suka sami ƙofa. Tsatsa takan fara a ɗan ramin, ta riƙa bi ta ƙarƙashin fenti tana ɗaga shi.

Ta biyu ita ce ƙura, wadda mazauna ƙasar Hausa suka sani sarai a lokacin hunturu. Wani babban kaso na wannan hazo daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi yake tasowa, wurin da a zamanin da can ƙasan wani makeken tafki ne. Ƙasar wurin cike take da ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa dangin gansakuka, masu ƙwayar halitta ɗaya tak, da ake kira dayatom. Ɓawon nasu na silika ne, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Iska kuma takan haɗo da ɓurɓushin yashi, wanda taurinsa ya fi na gilashi. Saboda haka yaron da ya ɗauki busasshen tsumma ya goge motar da ƙura ta lulluɓe, ya yi mata abin da kafinta ke yi wa katako da takarda mai yashi, ko da yake da kyakkyawar niyya ya yi.

Na uku shi ne kashin tsuntsu. Tsuntsaye da ƙadangaru ba sa yin fitsari irin na mutum. Domin tattalin ruwan jikinsu, sukan fitar da dattin cikin siffar wani farin abu mai kauri da ake kira yurik asid. Idan ya kwana a kan fentin da rana ta gasa, yakan bar tabon da wanki ba ya fitarwa. Haka nan ƙwarin da ke fashewa a gaban mota. A jihar Fulorida ta Amurka akwai wasu ƙudaje da ke fitowa tuli a watannin Mayu da Satumba, waɗanda direbobi suka san cewa idan aka bar gawarwakinsu kwanaki a jikin mota sai sun ci fenti.

Na ƙarshe shi ne wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, mai suna altirabayolet. Shi ne mai ƙona fatar mutum, kuma shi ne ke tsinka sarƙoƙin sinadaran fenti sannu a hankali har ya dushe ya fara ɓarewa.

Me Ya Sa Motar Lantarki?

Mai karatu na iya cewa ai duk waɗannan matsaloli sun shafi kowace mota. Gaskiya ne, domin fentin motar lantarki bai bambanta da na mai shan fetur ba. Sai dai akwai abubuwan da suka sa lamarin ya fi tsanani a wurinta.

Na ɗaya, motar fetur tana da babbar raga a gaba domin iska ta shiga ta sanyaya lagireto. Motar lantarki ba ta bukatar iska mai yawa haka, don haka masu ƙera ta sukan toshe mafi yawan gaban, su sulɓe shi domin ya tsaga iska cikin sauƙi, batir ya daɗe bai ƙare ba. Sakamakon haka shi ne faffaɗar fuska mai fenti, a daidai inda tsakuwa ta fi sauka.

Na biyu, batirin irin wannan mota yakan kai nauyin kilogiram 300 zuwa 600, kuma injinta na ba da cikakken ƙarfinsa tun daga tashin farko. Tayoyin sukan watsa tsakuwa da yashi zuwa ƙasan ƙofofi. An fi ganin wannan a ƙasashe masu dusar ƙanƙara irin su Kanada da Finlan, inda ake barbaɗa gishiri da tsakuwa a kan titi lokacin sanyi. Kamfanin Tesla da kansa ya fito da yankakkiyar ledar da ake liƙawa a ƙasan ƙofofin baya na motocinsa Model 3 da Model Y saboda wannan dalili.

Na uku, gyaran ya fi wuya. Batirin litiyam ba ya son zafi mai yawa, saboda haka kamfanoni kan ƙayyade wa masu fenti iyakar zafi da tsawon lokacin da motar za ta yi a ɗakin busar da fenti. Har ila yau, wasu daga cikin motocin, kamar Tesla Model S da ta fito a 2012, da alminiyam aka ƙera jikinsu domin rage nauyi. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa, amma idan fenti ya ɓantare yakan ci ta ƙarƙashi cikin siffar siraran zare, kuma gyaransa sai ƙwararre mai kayan aiki na musamman. A irin wannan hali, maganar Hausawa cewa rigakafi ya fi magani ta zama lissafin kuɗi.

Darasi Daga Halittu

Tun kafin a ƙera mota, kowace halitta da ke zaune a doron ƙasa tana fama da rana da ƙura da gogayya. Fatar mutum misali ce mai kyau. Abin da ake taɓawa a saman fata matattun ƙwayoyin halitta ne da suka cika da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin. A mafi yawan sassan jiki kaurin wannan hawa bai wuce maikiromita 10 zuwa 20 ba. Shi ke karɓar ƙarzuwa ya zube, rayayyun ƙwayoyin da ke ƙasa su turo wasu, ta yadda cikin kimanin mako huɗu an sabunta shi. Maciji kuwa tashi ɗaya yake tuɓe nasa idan ya yi saɓa.

Tsirrai ma haka suke. Wanda ya taɓa ganyen tumfafiya zai ji wani abu kamar kaki a kansa. Wannan mayafi shi ke hana ruwan cikin ganyen tserewa, yana kuma rage illar hasken rana, shi ya sa tumfafiya ke zama kore shar a tsakiyar rani. Ganyen gwaza kuma, idan aka ɗiga masa ruwa, sai ruwan ya dunƙule ya gangare, ya tafi da ƙurar da ya tarar. A 1997 wasu masana tsirrai biyu na Jami'ar Bon da ke Jamus, Wilhelm Barthlott da Christoph Neinhuis, suka bayyana sirrin wannan abu a ganyen lotus, wani furen ruwa na Asiya mai kama da bado. Sun nuna cewa fuskar ganyen cike take da ƙananan tsiraru masu lulluɓe da kaki, waɗanda ba sa barin ruwa ko datti ya sami wurin kamawa.

Ƙa'idar da ke cikin misalan nan guda ce: a sa abu mai sauƙin sauyawa a waje, ya karɓi duka a madadin abu mai tsada da ke ciki. Ita ce ƙa'idar ledar kariya.

Asalin Ledar da Ƙirarta

Sinadarin da ake yin ledar da shi sunansa poliyuretan, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka fara haɗawa a Jamus a 1937. Amfani da shi a matsayin garkuwa kuwa ya samo asali ne daga fagen yaƙi. A lokacin yaƙin Biyetnam, yashi da tarkace sun riƙa cinye bakin farfelar jiragen sama masu saukar ungulu na sojojin Amurka. Kamfanin 3M ya samar da wata leda mai ƙarfi da ake liƙa wa bakin farfelar, idan ta lalace a ɓare a sa wata, maimakon a sauya farfela sukutum. Daga baya masu tseren motoci suka ɗauki dabarar, daga wurinsu kuma ta iso motocin jama'a.

Ledar da ake amfani da ita yanzu kaurinta kimanin maikiromita 200 ne, wato ta fi fentin da take karewa kauri. Ita ma hawa-hawa ce. A ƙasa akwai gam mai kama fenti ba tare da ya ci shi ba. A tsakiya akwai poliyuretan ɗin kansa, wanda shi ne mafi kauri. A sama kuma akwai siririn hawa mai sheƙi, mai ƙin tabo, wanda a wasu nau'o'in ake sarrafa shi ya riƙa korar ruwa kamar ganyen gwaza.

Ƙarfin ledar ba daga tauri yake ba. Fenti busasshe ne, idan duka ya fi ƙarfinsa sai ya tsage. Poliyuretan kuwa dogayen sarƙoƙi ne na sinadari, wani sashensu mai tauri, wani mai laushi kamar danƙo. Idan tsakuwa ta sauka, sai ledar ta lotsa ta miƙe, ta rarraba ƙarfin dukan a wuri mai faɗi, ta kuma tsawaita lokacin da yake ɗauka kafin ya ƙare. Mai tsaron gida a wasan ƙwallo yana yin irin wannan idan ya ja hannunsa baya yayin cafe ƙwallo mai ƙarfi.

Shin da Gaske Tana Warkar da Kanta?

Masu talla kan ce ledar tana warkar da kanta, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Idan ƙarzuwar ba ta yi zurfi ba, sarƙoƙin hawan sama ba su tsinke ba, turewa kawai aka yi suka kauce daga mazauninsu. Da zarar sun sami ɗumi, ko na rana ko na ruwan zafi, sai su sami sukunin motsawa su koma yadda suke, layin ya ɓace.

Amma wannan ya sha bamban da warkewar ciwo a jikin mai rai. Idan mutum ya yanke, jini yakan daskare ya toshe wurin, ƙwayoyin halitta su rarrabu su haifi sababbi, su gina abin da ya ɓata ta amfani da abincin da aka ci. Leda ba ta ƙirƙirar sabon abu. Abin da ya kauce ne kawai take mayarwa. Idan wuƙa ko ƙusa ta ratsa ta, ko wani yanki ya guntule, ba ta da yadda za ta yi, sai dai a ɓare wannan sashe a sa sabo.

Yadda Ake Liƙa Ta

Aikin yana farawa ne da wanki na sosai, domin ƙwayar yashi ɗaya da aka rufe za ta zauna a wurin tana bayyana kamar ƙurji. Saboda haka a cikin rufaffen ɗaki marar ƙura ake yin sa. Galibi kwamfuta ce ke yanka ledar daidai da siffar kowane sashe na motar, don kada a sa reza a jikin fenti. Mai aikin yakan fesa ruwa mai ɗan sabulu a kan fenti da kuma gefen gam, yadda ledar za ta iya zamewa har ta zauna daidai. Sa'annan ya bi ta da wani faifan roba yana matse ruwa da iska daga tsakiya zuwa gefe, ya lanƙwasa bakinta ta bayan ƙarfe inda hali ya yi. Bayan an gama akan bar motar kwanaki ba wanki, har ragowar danshin ya fita.

A motar lantarki akwai ƙarin kula. Yawancinsu suna ɗauke da kyamarori da na'urorin da ke auna tazarar abin da ke gaba ko baya. Ba a rufe idon kyamara da leda, kuma akan yanke ta a kewaye na'urorin bisa umarnin kamfanin da ya ƙera motar. Idan kuwa an sake yi wa wani sashe fenti a gareji, sai a jira kamar wata guda ko fiye kafin a rufe shi, domin sabon fenti yana ci gaba da fitar da tururin sinadarai.

Ba dole ne a rufe mota gaba ɗaya ba. Mutane da yawa sukan tsaya ga wuraren da suka fi shan duka: bamba, da gaban bonet, da bayan madubin gefe, da ƙasan ƙofofi, da kewayen wurin da ake soka wayar caji.

Iyakokinta

Ledar ba ta hana mota lotsawa idan an yi karo. Ba ta kare batir, domin shi yana ƙarƙashin mota cikin akwatinsa na ƙarfe. Ba ta kuma ƙara wa mota nisan tafiya. Tana tsufa kamar kowace roba, kuma manyan kamfanoni kan ba da lamunin shekara biyar zuwa goma ne. Nau'o'in farko sun riƙa komawa ruwan ɗorawa a rana, sai da aka sauya tsarin sinadarin aka rage wannan aibi. Har yanzu akwai masu arha da ake yi da robar da ba poliyuretan ba, waɗanda kan bushe su tsattsage, gam ɗinsu ya ƙame a jikin fenti. Araha dai ba ta ado. Idan kuma fentin da ke ƙasa na gareji ne marar kyau, yana iya biyo ledar ranar da aka zo ɓare ta.

Akwai kuma tambayar da ta shafi muhalli. Ana sayen motar lantarki ne domin a rage hayaƙi, ga shi kuma ana lulluɓe ta da robar da aka samo daga man fetur, wadda ƙarshenta juji. A ɗaya ɓangaren, sashen fenti shi ne mafi cin makamashi a masana'antar harhaɗa motoci, kuma duk fentin da aka sake fesawa a gareji yana sakin sinadarai masu cutar da huhu. Motar da jikinta ya daɗe bai ruɓe ba ta jinkirta bukatar ƙera wata. Wannan ya sa rufe wuraren da ke cikin haɗari kaɗai ya fi dacewa da hankali bisa ga lulluɓe mota tun daga gaba har baya domin ado.

Gwaji a Aji

Malami na iya nuna wa ɗalibai wannan darasi da kayan da ba su da tsada. A sami manyan ƙusoshi uku, a goge su, a shafa musu fentin mai, a bar su su bushe sarai. A ajiye ta farko yadda take. A karce ta biyu da tsinin wata ƙusa har ƙarfe ya bayyana. Ta uku kuma a naɗe ta da salatif ninki uku, sa'annan a karce ta da irin ƙarfin da aka yi wa ta biyu. A tsoma kowace cikin kofin ruwan gishiri, a riƙa dubawa kullum har mako guda, ana rubuta inda tsatsa ta fara da ranar da ta fara. A gefe guda kuma a ɗiga ruwa a kan ganyen gwaza da ganyen wata shuka dabam, a kwatanta siffar ɗigon.

Kammalawa

Ledar kariya ta tsaya ne a kan ilmi iri uku da ake koyarwa a makarantar sakandare: lissafin ƙarfin abu mai gudu, da halayen sinadarai masu dogayen sarƙoƙi, da tsarin fatar dabba da ganyen tsiro. Tana tare tsakuwa da ƙarzuwa da tabo, amma sai an zaɓi mai kyau, an kuma ba wanda ya iya aikin. Wanda ba shi da halin sayenta ma bai rasa abin yi ba, ko motar lantarki gare shi ko ta fetur ko babur. Ya zuba ruwa ya kore ƙura kafin ya sa tsumma, ya wanke kashin tsuntsu tun bai kwana ba, ya ba babbar motar da ke gabansa tazara a hanya mai tsakuwa, ya kuma toshe duk ɗan ramin da ya gani a fenti kafin damina ta sauka.